Osborne Reynolds, malamin Manchesta da ya zura rini a bututu don ya ga halin ruwa

A 1868 Kwalejin Owens da ke birnin Manchesta a Ingila ta naɗa wani saurayi ɗan shekara 25 farfesan aikin injiniya. Shekara guda ke nan da ya kammala digirinsa, kuma ɗan lokacin da ya yi yana aiki ya yi shi ne a ofishin wasu injiniyoyi na Landan da suka shahara da harkar ruwan sha da magudanan ƙazanta. Sunansa Osborne Reynolds. Ya zauna a kan wannan kujera shekara 37. Duk ɗalibin da ya kunna kwamfuta a yau don ya koyi lissafin yadda ruwa ke gudana a cikin bututu, ko tankin tace ruwan sha, ko wurin sarrafa ruwan ƙazanta, zai ci karo da sunan mutumin sau biyu tun kafin ya gama darasin farko. Karo na ɗaya wata lamba ce da ke faɗa masa irin gudun da ruwan yake yi. Karo na biyu kuwa ƙa'idojin lissafin da manhajar take warwarewa ne, tare da wani giɓi da ke cikinsu wanda har yau ba a cike ba.

An haife shi a Belfast, a arewacin Ailan, ranar 23 ga Agustan 1842. Mahaifinsa, wanda shi ma Osborne Reynolds ake kiransa, limamin coci ne kuma shugaban makaranta, ya kuma karanta lissafi a Kambirij. Iyalin sun koma garin Dedham a yankin Essex, inda uban ya shugabanci makarantar garin, kuma a hannunsa yaron ya yi karatunsa na farko. Uban mutum ne mai son ƙere-ƙere, har yana da rajistar wasu gyare-gyare da ya yi wa kayan aikin gona.

Da ya kai shekara 19, a 1861, bai wuce jami'a kai tsaye ba. An kai shi koyon sana'a wurin Edward Hayes a garin Stony Stratford, wani maƙeri da ke haɗa injunan tururi da ƙananan jiragen ruwa, ko da yake garin nasa na tsakiyar ƙasa ne, nesa da teku. A can ya saba da ƙarfe da famfon tura ruwa da farfelar jirgi. A takardar da ya rubuta daga baya ta neman aiki a Manchesta ya bayyana cewa a wannan maƙera ne ya lura da abubuwan da injuna ke yi waɗanda ba za a iya bayaninsu ba sai da lissafi, kuma wannan ne ya kai shi Kambirij. Ya shiga Kwalejin Queens', ya fito a 1867 a matsayi na bakwai a jarrabawar lissafi ta jami'ar, wadda a zamanin ba a san mai tsananinta ba a Birtaniya. Daga nan ya shiga ofishin Lawson da Mansergh a Landan. James Mansergh ɗin nan shi ne daga baya ya tsara janyo wa birnin Birmingham ruwa daga tsaunukan Wales, ya kuma tsara wa Melbourne ta Ostireliya magudanan ƙazanta. Wato aikin farko da Reynolds ya yi a duniya aikin lambatu ne.

Manchesta ta wancan zamani birnin auduga ce, cike da masaƙu da hayaƙi da leburori da suka cunkusu a ƙananan gidaje. Kogunanta, Irwell da Irk da Medlock, sun zama juji na ruwan rini da bayan gida. Attajiran masana'antu ne suka tara kuɗin kafa kujerar injiniya a Kwalejin Owens, a gabansu akwai Charles Beyer mai ƙera kawunan jirgin ƙasa, domin suna son a horar musu da ma'aikata. Sun sami mutumin da ya fi abin da suka nema, kuma ta wata fuskar ya gaza abin da suka nema, domin Reynolds bai iya koyarwa ba. J. J. Thomson, wanda daga baya ya gano ƙwayar ilektiron ya kuma sami kyautar Nobel, ya zauna a ajinsa yana yaro, kuma ya ba da labarin yadda malamin kan shigo a makare, ya buɗe littafin Rankine, ya ce wani sakamako da ke ciki kuskure ne, ya juya wa ɗalibai baya yana ta rubutu yana gogewa a allo, har sai lokaci ya kusa ƙarewa sannan ya juyo ya sanar cewa ashe Rankine ne ke da gaskiya. Ɗalibai da yawa sun fita ba su fahimci komai ba. Thomson dai ya ɗauki abin a matsayin dama ta ganin ƙwaƙwalwa mai kaifi tana kokawa da matsala a gaban idonsa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ya fara wallafawa wani ɗan littafi ne na 1872 a kan iskar magudanar ƙazanta da yadda za a hana ta shiga gidaje. A ƙarshen 1871 zazzaɓin taifot ya kusa kashe yarima mai jiran gadon sarautar Birtaniya, aka ɗora laifin a kan magudanan gidan da ya sauka, hankalin jama'a ya tashi. Reynolds ya ba da shawarar a raba bututun gida da babbar magudanar titi ta hanyar wani lanƙwasa mai riƙe ruwa, a kuma bar kafa ta yadda iska za ta fita waje. A lokacin akasarin likitoci suna ganin wari ne ke kawo cuta, duk da cewa John Snow ya riga ya nuna a 1854 cewa ruwan sha ne ke yaɗa kwalara a wata unguwar Landan. Dalilin da aka gina shawarar a kai ya rushe daga baya, amma lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta zauna, tana nan a ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu.

Matsalar da ta sa sunansa ya ɗore tsohuwa ce, kuma ta masu shimfiɗa bututu ce. Wani likitan Faransa, Poiseuille, da ke binciken gudanar jini, ya gwada ruwa a cikin siraran bututu a shekarun 1840, ya ga cewa idan aka ninka gudun ruwa sau biyu, turjiyar da bututun ke yi ita ma tana ninkuwa sau biyu. Wani injiniyan Faransa kuma, Henry Darcy, wanda ya kawo wa garin Dijon ruwan famfo, ya gwada manyan bututu ya ga turjiyar tana ninkuwa kusan sau huɗu. Dukansu sun auna daidai. Ruwan ɗaya ne, amma yana bin doka biyu, kuma babu wanda zai iya faɗin inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta fara. Ƙa'idojin motsin ruwa kuwa suna nan a rubuce tun daga aikin Navier na 1822 da na Stokes na 1845, sai dai warware su ya gagara in ban da a 'yan wurare masu sauƙi.

Reynolds ya yanke shawarar ya duba da idonsa. Ya sa aka ƙera masa tanki mai bangon gilashi, tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa da zurfinsa inci 18. A ciki ya kwantar da bututun gilashi mai buɗaɗɗen baki kamar na kakaki, domin ruwa ya shiga ba tare da ya yi karo da kaifi ba. Ɗaya ƙarshen ya fita waje ya sauka ƙasa zuwa wani makunni da ake murɗawa da doguwar sanda. Daga wata kwalba a sama ya sauko da siririn bututu mai ɗauke da ruwan rini, bakinsa yana daidai tsakiyar bakin kakakin. Sai ya cika tankin, ya bar shi sa'o'i har ruwan ya kwanta sarai, sannan ya buɗe makunnin kaɗan.

Rinin ya shiga ya miƙe kamar zare, daga farkon bututun har ƙarshensa, bai gauraya da ruwan da ke kewaye da shi ba. Ya ƙara buɗewa, zaren yana nan. Ya ƙara, ya ƙara, sai a wani gudu zaren ya tsinke a can cikin bututun, rinin ya bazu ya cika shi baki ɗaya kamar hazo. Da ya haska wurin da tartsatsin lantarki, wanda ke nuna abu na ƙiftawar ido kamar a tsaye yake, sai ya ga hazon nan tarin ƙananan guguwa ne masu juyi. Ya maimaita da bututu uku, mai inci ɗaya da mai rabin inci da mai rubu'in inci, ya kuma sauya zafin ruwan, domin ruwan sanyi ya fi na ɗumi kauri ko da ido ba ya gani. A kowane gwaji abin da ke yanke hukunci haɗin abu huɗu ne: nauyin ruwan, da gudunsa, da faɗin bututun, a ninka su a raba da kaurin ruwan. Idan sakamakon ƙarami ne, ruwan na tafiya a natse, layi bisa layi. Idan ya girma, sai hargitsi.

A laccar da ya gabatar a Landan a 1884 ya kwatanta abin da rundunar soja a kan tafiya. Ƙaramar runduna mai tafiya a hankali tana riƙe sahu, babba mai sauri kuwa ɗan abu kaɗan ke rikita ta, kuma kaurin ruwa shi ne horon da ke riƙe sahun.

A bututun gilashin, inda ruwan ya kwanta kuma bakin ya yi sumul, natsuwar ta kai har wajen 13,000 kafin ta karye. Sai ya juya tambayar. Ya ɗauki bututun darma, ya zuba musu ruwan da ya riga ya hargitse, ya auna matsin da ke raguwa a tsawonsu, don ya ga a wane mataki hargitsin ke mutuwa da kansa. Amsar ta faɗo wajen 2,000. A ƙasa da wannan dokar Poiseuille ce ke aiki, a sama kuma irin ta Darcy. Maƙalar ta fito a 1883 a mujallar Ƙungiyar Masana ta Masarautar Birtaniya. Masanin Jamus Arnold Sommerfeld ne ya laƙaba wa lambar sunan Reynolds a 1908.

Amfanin lambar ya fi fitowa idan aka saka mata adadi. Babban bututun ruwa mai faɗin santimita 30, ruwa na gudu mita ɗaya a daƙiƙa, yana ba da kimanin 300,000. Bututun cikin gida mai santimita ɗaya da rabi, a wannan gudun, yana ba da kimanin 15,000. Ma'ana, kusan duk ruwan da hukuma ke turawa, daga matatar madatsar Usuma har zuwa famfon ofis a Abuja, a hargitse yake tafiya. Gudun natsuwa, wanda shi ne littattafai ke fara koyarwa saboda lissafinsa na da sauƙi, ba kasafai injiniyan ruwa ke gamuwa da shi a wurin aiki ba. Akwai kuma batun zafi: kaurin ruwa a ma'aunin digiri 30 bai fi rabin kaurinsa a digiri 5 da yawa ba, don haka jadawalin da aka tsara wa ƙasa mai sanyi ba ya zama daidai a ƙasa mai zafi sai an gyara shi.

Na'urar tana nan a Jami'ar Manchesta. Da wasu malaman jami'ar suka maimaita gwajin da ita kusan shekara ɗari bayan haka, sun kasa kai wa 13,000, domin girgizar motocin da ke bin titi ta isa ta tsinke zaren rinin da wuri.

Shekarun da ke kewaye da wannan gwaji cike suke da wasu ayyuka, kowanne ya isa a san mutum da shi. A 1875 ya yi rajistar famfon tura ruwa mai hawa-hawa, inda farfela ɗaya ke miƙa wa ta gaba. Ya binciki dalilin da ke sa jirgin ruwa ya ƙi bin sitiyari idan aka mayar da farfelarsa baya ana cikin gudu. A 1885 ya bayyana dalilin da ke sa jiƙaƙƙen yashi ya bushe a kewayen ƙafar wanda ya taka shi. A 1886 ya fito da lissafin yadda ɗan siririn man inji ke ɗaukar nauyin sandar ƙarfe mai juyawa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, kuma da shi ake tsara irin waɗannan wurare har yau. A 1894 ya nuna wa taron masana yadda ruwan sanyi ke tafasa idan aka matsa shi ta maƙurarren bututu, al'amarin da ke cinye farfelar famfo a tashoshin ruwa. An zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Masana a 1877, aka ba shi lambar yabonta ta sarauta a 1888.

Aikin da ya fi kusa da abin da kwamfuta ke yi yanzu shi ne ƙaramin kwaikwayon bakin kogin Mersey da ya gina a tsakiyar shekarun 1880, lokacin da ake muhawara a kan haƙa wa Manchesta hanyar jiragen ruwa zuwa teku. Ya zuba yashi a faffaɗan tire mai siffar gaɓar kogin, ya sa ruwa na shiga yana fita kamar cikar teku da janyewarta. Ya gane cewa idan an ƙanƙanta tsawo da zurfi, dole a ƙanƙanta lokaci bisa ƙa'ida, sai cikar da ke ɗaukar fiye da sa'a 12 ta koma ƙasa da minti ɗaya. Bayan dubban cika da janyewa, yashin ya tsara kansa ya fito da tudu da kwari masu kama da na ainihin kogin. Darasin da ke ciki shi ne kwaikwayo ba ya faɗin gaskiya sai an kiyaye ma'aunan da ke mulkin abin da ake kwaikwayo, kuma ba a yarda da shi sai ya fara fito da abin da aka riga aka sani.

Maƙalarsa ta 1895 ita ce tushen lissafin zamani, kuma ita ce aka fi shan wahalar karantawa. Stokes da Horace Lamb ne aka ba su ta su duba kafin a buga. Stokes, wanda sunansa ke kan ƙa'idojin da ake magana a kai, ya nuna bai gane inda aka dosa ba. Lamb ya ga duhu a rubutun, amma ya goyi bayan a buga. Reynolds marubuci ne mai wahalar bi, kuma adalci ne a ce rabin laifin rashin fahimtar nasa ne.

Tunanin da ke ciki dai ana iya faɗinsa a sauƙaƙe. Idan aka sa ma'auni a wuri ɗaya cikin bututun da ruwa ke hargitse, gudun ba ya tsayawa a adadi ɗaya, yana rawa sama da ƙasa. Injiniya ba ya bukatar sanin kowace rawa. Abin da yake so shi ne matsakaici. Sai Reynolds ya raba gudun gida biyu, matsakaici da kuma rawar da ke kansa, ya zuba su cikin ƙa'idojin Navier da Stokes, ya ɗauki matsakaicin komai. Yawancin rawar ta ɓace, domin ƙari da ragi suna cinye juna. Amma inda rawa ta ninka rawa ba ta ɓace ba. Matsakaicin ƙarin 2 da ragin 2 sifili ne, amma idan aka ninka kowanne da kansa, duka biyun 4 suke bayarwa. Abubuwa shida irin wannan suka rage. A zahiri su ne dunƙulen ruwa mai sauri da guguwa ke jefawa daga tsakiyar bututu zuwa bango, da mai nawa da take jefowa daga bango zuwa tsakiya, abin da ke zama ƙarin birki a kan tafiyar. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa turjiyar Darcy ta fi ta Poiseuille.

Sai dai cinikin ya zo da bashi. Da farko ƙa'idoji huɗu ne da abubuwa huɗu da ba a sani ba, wato gudu ta fuska uku da matsi. Yanzu ƙa'idojin suna nan huɗu, abubuwan da ba a sani ba sun zama goma. Kamar akanta ne da aka ba rasit huɗu aka ce ya fito da farashin kaya goma. Idan aka nemi rubuta sababbin ƙa'idoji don shidan, wasu sababbin baƙi ne ke fitowa, fiye da na da. Reynolds bai rufe wannan giɓi ba, kuma babu wanda ya rufe shi daga tushe. Abin da aka yi shi ne cike shi da ƙiyasi. Boussinesq na Faransa ya riga ya kawo shawarar a ɗauki hargitsi kamar ƙarin kauri. Ludwig Prandtl na Jamus ya kawo nasa ƙiyasin a 1925. A farkon shekarun 1970 Brian Spalding da Brian Launder da abokan aikinsu a Kwalejin Imperial ta Landan suka daidaita wanda aka fi amfani da shi, mai suna k-epsilon, wanda ke bin sawun ƙarfin guguwar da saurin mutuwarta. Lambobin da ke cikinsa an tsamo su ne daga gwaje-gwaje masu sauƙi a ɗakin bincike.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya sa kwamfuta ba za ta lissafa kowace guguwa ba a huta da ƙiyasi. Hanyar tana nan, amma tsadarta na hawa da sauri fiye da lambar Reynolds. Manhaja kan yanka ruwan zuwa ƙananan ɗakuna kamar idon raga, ta warware lissafi a kowanne. Don kama mafi ƙanƙantar guguwa a bututun nan mai lamba 300,000, ana bukatar ɗakuna da suka kai tiriliyan, a ɗan guntun bututu kawai. Shi ya sa kusan duk aikin da ake yi wa matatun ruwa, da manhajar kuɗi ko da ta kyauta irin OpenFOAM, a kan matsakaicin Reynolds yake tafiya.

Abin da ake nema da wannan lissafi, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da CFD, ba ƙarami ba ne. A ɗauki tankin da ake zuba wa ruwan sha sinadarin kulorin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ruwan ya zauna da sinadarin aƙalla minti 30. Tanki mai lita 600,000 da ruwa ke ratsawa lita 20,000 a minti, a takarda ya cika sharaɗin daidai. Amma ruwa ba ya bin layi. Idan tankin fili ne ba shinge a ciki, wani kaso kan yanke daga mashiga zuwa mafita kai tsaye, wani kuma ya maƙale a kusurwa yana juyi. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka tana ɗaukar cewa a irin wannan tanki kashi 10 cikin 100 na ruwan na iya ficewa a cikin kashi ɗaya bisa goma na lokacin, wato minti 3. Ruwan da ya fita a minti 3 yana iya fita da ƙwayoyin cutarsa a raye. Lissafin kwamfuta na nuna inda za a gina shinge kafin a zuba siminti, kuma gyara a allo ya fi fasa kankare arha. Haka abin yake a tankin kwantar da laka, da ramin da famfo ke zuƙar ruwa, da tafkin da ake hura wa ruwan ƙazanta iska.

A nan ne kuma bashin 1895 ke biyo mai koyo. Manhaja ba ta ƙin ba da amsa. Ko an zaɓi ƙiyasin da bai dace ba, ko ragar ta yi gwari, ko an shigar da gudun mashiga ba daidai ba, za ta fito da hoto mai ja da shuɗi da kibiyoyi, kyakkyawa kamar na gaskiya. Ƙiyasin k-epsilon an san yana rauni inda ruwa ke juyi sosai, da inda ya rabu da bango, da inda ruwa mai laka ke nutsewa ƙarƙashin mai haske, kuma waɗannan su ne halayen tankunan matatar ruwa. Jami'in da ɗan kwangila ya ajiye wa rahoto mai irin waɗannan hotuna yana da hurumin tambayar wane ƙiyasi aka yi amfani da shi, ko an ƙara yawan ɗakunan ragar an ga amsar ba ta sauya ba, da kuma wane awo na zahiri aka gwada sakamakon da shi. Awon da ake yi kuwa shi ne a zuba rini ko gishiri a mashigar tanki, a tsaya a mafita da agogo ana ɗibar ruwa. Gani ya kori ji, kuma dabarar ita ce dai ta tankin gilashin Manchesta.

Rayuwarsa ta gida ta sha rashi. Matarsa ta farko, Charlotte Chadwick, ta rasu a 1869, shekara guda da aurensu, ta bar jariri namiji wanda shi ma ya rasu yana ɗan shekara goma. Ya sake aure a 1881, ya auri Annie Charlotte Wilkinson, suka haifi 'ya'ya huɗu.

Shekarunsa na ƙarshe a jami'a ya ba da su ga wani aiki da ya ɗauka shi ne mafi girma a rayuwarsa. Daga abin da ya gani a yashi, ya gina ra'ayin cewa sararin samaniya cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu tauri da ke cunkushe, kuma daga motsinsu haske da nauyi da lantarki ke fitowa. Ya gabatar da shi a Kambirij a 1902, littafin ya fito a 1903 a matsayin juzu'i na uku na tarin ayyukansa. Kusan babu wanda ya bi shi, kuma kimiyyar lissafin halitta ta ɗauki wata hanya dabam da aikin Einstein na 1905. A lokacin lafiyarsa ta fara gazawa, kalmomi suna kuɓuce masa a baki da a rubutu. Ya ajiye aiki a 1905, ya koma Watchet, wani ƙaramin gari a gaɓar teku a Somerset, inda ya rasu ranar 21 ga Fabrairun 1912 yana da shekara 69.

Birnin da ya bari ya ci gaba da fama da ruwansa. A 1894 aka buɗe bututun da ke kawo wa Manchesta ruwa daga tafkin Thirlmere, tafiyar mil 96, kuma a shekarar aka buɗe matatar ruwan ƙazanta ta Davyhulme. A wannan matata ne, a 1914, shekara biyu bayan rasuwarsa, Edward Ardern da William Lockett suka sanar da hanyar tsabtace ruwan ƙazanta ta hura masa iska tare da mayar masa da lakar da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu cinye datti. Hanyar ta bazu a manyan biranen duniya, kuma tankunanta, inda kumfar iska da laka da ruwa ke cakuɗe, suna cikin waɗanda suka fi wahalar lissafawa da ƙa'idojin da ya wallafa a 1895.